Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Likitocin Jarirai da Shugabannin Asibitoci: Kada Hanta Ta Zama Fansar Hanji

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ni ba likita ba ce. Uwa ce da ta shafe watanni a kan kujerar roba a gefen kwalbar jarirai, tana kallon wata farar leda rataye a sanda tana ɗiga cikin jijiyar 'yarta. Abin da zan faɗa a kan wannan kujera na koye shi, wani daga bakin waɗanda suka yi haƙuri da tambayoyina a cikinku, wani kuma daga karatun da tsoro ya tilasta mini. In na yi tuntuɓe a kalmar aikinku ku gyara mini, amma ku bar ni in kai aya.

'Yata bakwaini ce. Tana da kwana goma sha biyu cikinta ya kumbura yana sheƙi, kashinta ya fito da jini. Aka ce ciwon ruɓewar hanji ne da ke kama bakwaini. An shiga da ita tiyata, aka yanke abin da ya mutu, aka fito da bakin hanjin da ya rage ta gefen ciki aka manna masa 'yar jaka. Likitan tiyata ya zaunar da ni da mahaifinta ya ce abin da ya saura ba zai iya ciyar da ita ba tukuna, sai dai a ba ta abinci ta jijiya. Ledoji biyu aka rataya. Ɗaya rawaya-rawaya, mai sukari da sinadaran gina jiki da gishirin jiki da bitamin. Ɗayar fara fat kamar madara, ita ce ta mai. Bayan ikon Allah, ledojin nan su suka riƙe mini ita, kuma ba zan taɓa raina su ba. Da wannan na fara, don kada wani ya ɗauka na zo ne in zubar da mutuncin aikin da ya ceci 'yata.

Na san kuma abin ba daɗaɗɗe ba ne. Kafin 1968, jaririn da ya rasa yawancin hanjinsa rama yake yi a gaban iyayensa har rai ya yi halinsa. A wannan shekarar ce Stanley Dudrick da abokan aikinsa a birnin Filadelfiya na Amurka suka nuna wa duniya cewa 'yan kwikwiyo na iya girma da abincin jijiya kaɗai, suka kuma raini wata jaririya da aka haifa da toshewar hanji ta wannan hanya. Farar ledar ma ta riga haka zuwa, domin tun farkon shekarun 1960 Arvid Wretlind ya haɗa Intralipid a ƙasar Suwidin, da man waken suya da sinadarin ƙwanduwar ƙwai. To amma a 1971, shekara uku kacal da aikin Dudrick, aka buga labarin wani bakwaini da hantarsa ta lalace yana kan wannan abinci. Ciwon da maganin kusan tagwaye ne. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan kuna sane da shi, kuma a cikin shekarun nan an koyi abubuwa da yawa. Shi ya sa kalmar da aka fi faɗa mini a ɗakin, wato “ai dole ne, haka abincin jijiya yake yi,” ba ta shiga kunnena.

A mako na biyar na lura idonta ya sauya. Ba irin rawayar da jarirai kan yi a kwanakin farko ba, wannan akwai wani duhu a cikinta, kamar tana neman komawa kore. Fitsarinta ya fara ɓata ƙunzugu, abin da ke taruwa a jakar cikinta kuma ya koɗe ya zama fari-fari. Na ce wa nas ɗin da ke aiki ranar, “Sista, idon yarinyar nan fa ya canza.” Ta leƙa ta ce, “Maman yarinya, kwantar da hankalinki, shawara ce, duk bakwaini suna yi.” Washegari wani ma ya ce ko a kunna mata shuɗiyar fitila. Sai da aka kwana tara kafin wani babban likita da ya zo zagaye ya tsaya, ya buɗe jakar ya duba launin abin da ke ciki, ya tambaya yaushe rabon da a auna mata hanta. Shiru aka yi masa.

Daga bakinsa na fara jin cewa shawara iri biyu ce. Akwai sinadarin bilirubin (shi ke sa ido da fata rawaya) da bai riga ya bi ta hanta ba, shi ne na shawarar sabon haihuwa, shi fitila ke narkarwa. Akwai kuma wanda hanta ta gama sarrafawa, ya kamata ya bi ruwan maɗaciya ya sauka hanji ya fita da kashi, sai hanya ta cushe ya koma cikin jini. Wannan fitila ba ta yi masa komai, sai dai ta mai da fatar yaro launin tagulla. Idan wannan na biyun ya haura miligiram 2 a kowace desilita ta jini, hanta ta fara kuka ke nan. Na 'yata ya daɗe da wuce nan. Ga buƙatata ta farko, kuma ita ce mafi arha cikin duk abin da zan roƙa: duk jaririn da ya wuce mako biyu a kan abincin jijiya, a riƙa auna masa hanta a kai a kai, a kuma raba bilirubin ɗin gida biyu, kada a tsaya a jimilla. Ido na yaudara, musamman a yaro mai duhun fata ƙarƙashin fitilar ɗakin jinya. Kafin ido ya gani, jini ya daɗe da sani.

Ba kuma ina cewa da zarar adadi ya hau a ɗora wa leda laifi ba. Jariri na iya kasancewa a kan abincin jijiya alhali an haife shi ne da toshewar magudanar maɗaciya, wadda tiyatar Kasai, ta buɗe wa ruwan maɗaciya hanya zuwa hanji, ta fi yi mata amfani idan an yi ta kafin yaro ya cika wata biyu. Zai iya zama ƙwayar cuta ce a fitsari ko a jini, ko wani magani da ake ba shi. A yi hoton ciki, a bincika, a kawar da waɗannan, sannan a fuskanci ledar.

Yanzu bari in daɗe a kan farar ledar, don a nan ne na ga abin da ya fi ba ni mamaki, ya kuma fi ba ni haushi.

Man waken suya abinci ne mai kyau idan ta baki ya shiga. Yana ɗauke da wasu sinadarai na tsirrai da ake kira fitosterol, 'yan uwan kolesterol ne, kuma hanji mai lafiya kaɗan ƙwarai yake bari su shiga jini, sauran ya tura su waje. To idan aka zuba man kai tsaye a jijiya, an tsallake mai gadi. Duk sai su taru a jini da hanta, kuma hanyar fitarsu ita ce ruwan maɗaciya. Ɗaya daga cikinsu, stigmasterol, yana danne na'urar da ke umartar ƙwayoyin hanta su tura ruwan maɗaciya waje. Wato abin da ke buƙatar ƙofa don ya fita, shi ne ke rufe ƙofar. Ƙari a kan haka, man waken suya cike yake da kitsen omega-6 wanda jiki ke juyawa zuwa sinadaran kumburi, kuma nau'in bitamin E da ke kare hanta kaɗan ne a cikinsa. A zuba wannan kullum, giram 3 a kan kowane kilo na nauyin yaro, a hantar bakwaini da ba ta gama nuna ba. Abin mamakin shi ne yadda wasu hantocin ke jurewa.

A asibitin yara na birnin Boston aka fara warware wannan ƙulli, kuma ba da gangan aka faro ba. Wata mai haɗa magunguna, Kathleen Gura, ta nemo wani mai da aka yi da man kifi zalla, Omegaven, saboda wani majinyaci da jikinsa ba ya karɓar waken suya. Likitan tiyata Mark Puder ya gwada shi a kan ɓeraye ya ga hantarsu ba ta tara kitse. A 2004 suka ba wani jariri da hantarsa ta yi nisa, shawarar ta washe. A 2006 suka buga labarin jarirai biyu, daga nan asibitoci suka riƙa neman izini na musamman yaro bayan yaro, har zuwa watan Yulin 2018 da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don yaran da ke da wannan ciwo. Giram 1 a kan kowane kilo a rana ake bayarwa. Man kifi kusan ba shi da fitosterol, yana da omega-3 mai kwantar da kumburi, an kuma ƙara masa bitamin E. Na so a lura da cewa mai haɗa magunguna ce ta fara ganin hanyar. Zan dawo kan wannan.

Akwai kuma gauraye, SMOFlipid, wanda kashi 30 cikin ɗari man suya ne, 30 kitse mai saurin ƙonewa irin na kwakwa, 25 man zaitun, 15 man kifi. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin ciki da abincin yara na Turai suka fitar a 2018 sun karkata ga cewa idan abincin jijiya zai wuce 'yan kwanaki, a bar man suya zalla a koma irin gauraye, shi kuwa man kifi zalla a ajiye shi don ceto na ɗan lokaci idan hanta ta riga ta kamu. Wannan tsari ya kwanta mini. Gauraye yana rage haɗari, amma bai kawar da shi ba, don har yanzu akwai man waken suya a ciki, kuma akwai yaran da suka yi shawarar suna kansa.

A inda muka yi jinya babu ko ɗaya daga cikin biyun a ma'ajiyar magani. Abin da aka yi mana shi ne aka rage man suyan zuwa giram 1 a kilo, daga baya aka riƙa ba ta shi kwana biyu ko uku a mako. Dabara ce sananniya, kuma tana sauke bilirubin a wasu yaran, ban ce kuskure ba ne. Amma an yi ta ne ba tare da an sa ido a kan ɗaya ɓangaren ba. Ƙwaƙwalwar jariri da kitse ake gina ta. Akwai nau'o'in kitse da jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai an ba shi. Bayan 'yan makonni fatar 'yata ta bushe tana saɓa, ɗan gashin kanta ya zube, ma'aunin nauyi ya tsaya cak, kewayen kanta ma ya daina ƙaruwa yadda ya kamata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Don a cike gurbin ƙarfin da aka rage, sai aka ƙara sukari, shi kuma sukarin da ya yi yawa hanta ke juya shi kitse ta ajiye a jikinta. Idan za ku rage mai, ranku ya daɗe, ku rage da ma'auni a hannu: nauyi, tsawo, kewayen kai, da gwajin da ke nuna ko kitsen dole ya yi ƙaranci a jini.

Sai da muka yi makonni muna bin takardu kafin man kifin ya iso hannunmu. Ba zan manta kwalbarsa ba, 'yar ƙarama, ban yi zaton abin da muka sha wahalar nema bai fi cikin tafin hannu ba. Bai yi aiki dare ɗaya ba. A makon farko adadin ma ƙara hawa ya yi, na shiga banɗaki na yi kuka. Likitan ya ce mini, “Baiwar Allah, ki ba shi lokaci, makonni yake ɗauka, wani yaron ma watanni.” Haka kuwa aka yi. Wata safiya na buɗe jakar na ga abin ciki ya yi kore-kore, na kira mahaifinta a waya ina gaya masa launin kashi kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar mulki.

Amma kada washewar ido ta ruɗe mu, mu da ku. An ɗebi tsokar hantar yaran da bilirubin ɗinsu ya dawo daidai, aka tarar tabon da ya riga ya zauna yana nan. Shawara takan tafi ta bar tabo. Wannan shi ne dalilin da ya sa kwana tara ɗin nan da makonnin bin takardu suke tsaya mini a rai har yau. Man kifi yana ceto, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya ƙandare, kuma yaron da aka kawo masa shi bayan hanta ta gama lalacewa sau da yawa bai amfana.

Wani abin da ba a gaya mini ba sai da na gano da kaina, ta hanyar rubuta komai a ɗan littafi, shi ne duk lokacin da ta yi zazzaɓi bilirubin sai ya yi tsalle. Siririn bututun da aka zura har babbar jijiyar da ke kusa da zuciya hanya ce ta abinci, hanya ce kuma ta ƙwayoyin cuta, ga ruwan sukari mai ɗumi yana bi ta ciki dare da rana. Gubar da ƙwayoyin ke saki a jini tana tsayar da gudun ruwan maɗaciya kai tsaye. Yaron da ya yi ta kamuwa da cutar jini tun yana ɗan makonni, shi ne hantarsa ke saurin faɗuwa.

Akwai wata dattijuwar nas da nake yi wa addu'a har gobe. In za ta taɓa bakin bututun sai ta wanke hannu har gwiwa, ta sa safar hannu, ta ɗauki audugar barasar asibiti ta goge bakin tana ƙirgawa a hankali har goma sha biyar, sannan ta tsaya ya bushe. Ko ana kiranta daga ƙarshen ɗaki ba ta ɗaga kai sai ta gama. Akwai kuma waɗanda da tsakar dare, don gudun neman jijiya a hannun bakwaini, sukan buɗe wannan bututun su ɗebi jini ko su tura allura, shafa ɗaya su wuce. Ban zarge su da mugunta ba, mutum ɗaya ne a kan jarirai da yawa, na gani da idona. Amma wannan aikin shugabanni ne: a keɓe bututun abinci ga abinci, a rage yawan buɗe shi, a koyar da kowa hanya ɗaya, a kuma ƙirga sau nawa ake kamuwa da cutar jini a ɗakin, a liƙa adadin inda kowa zai gani. Ga yaran da suka girma har ana cire musu leda na wasu sa'o'i, akwai ruwan taurolidin ko barasar asibiti da ake cika bututun da shi a lokacin hutun, yana rage kamuwa sosai.

Duk da haka, maganin gaskiya ba a cikin leda yake ba, kowace iri ce. Yana cikin hanjin da ya rage. Idan abinci ya taɓa hanji, hanjin na sakin sinadarin da ke sa maɗaciya ta matse ta zubar da ruwanta. Idan babu abin da ke wucewa, ruwan sai ya kwanta ya yi kauri kamar laka, har ya zama tsakuwa. Bangon hanjin ma sai ya sirance, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su riƙa tsallakawa jini, kuma jinin hanji hanta yake fara isa. Ƙarshen ƙaramin hanji shi ke mayar wa hanta kusan kashi 95 cikin ɗari na gishirin maɗaciya don a sake amfani da shi, kuma sau da yawa shi ne wurin da ciwon bakwaini ke ci. Ga kuma abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa: jaririn da ya cika watanninsa yana da ƙaramin hanji mai tsawon kusan santimita 250, kuma kusan rabin tsawon a watannin ƙarshe na ciki ake samunsa. Ke nan bakwaini yana da sauran girma a gaba, hanjinsa zai ƙara tsawo, zai kuma koyi tsotsar abinci fiye da ƙimarsa, in dai ana ba shi aiki.

Mililita ɗaya aka fara ba ta. Nakan tatsi nono da ƙarfe uku na dare, in miƙa kwalba cike, a zuƙi abin da bai kai cikin ƙaramin cokali ba a sirinji, sauran a kai firji. Na taɓa tambaya ko wannan ɗigon na da wani amfani. Aka ce mini ba don ta ƙoshi ba ne, don hanji ya tuna aikinsa ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake saurin dakatar da shi. Ɗan amai kaɗan, a ce a rufe baki kwana uku. Jakar ta ɗan cika, a rufe baki. A ƙarshen mako kuwa, idan babban likita ba ya nan, babu mai ƙarfin halin cewa a ci gaba, sai a jira Litinin. Na fahimci tsoron, yarinyar da hanjinta ya taɓa ruɓewa ce, gaba kura baya sayaki. Amma kowace ranar da aka rufe bakin hanta ce ke biya. A rubuta ƙa'ida a sarari: yaushe ake tsayarwa, yaushe ake ragewa kawai, yaushe ake komawa, ta yadda ƙaramin likita mai kwanan aiki zai iya yanke hukunci ba tare da fargaba ba. A bar yaro kuma ya riƙa tsotsa ta baki ko da ɗigo ne, don wanda ya shekara bai san ɗanɗano ba yakan ƙi abinci ko bayan hanji ya warke.

Ku likitocin tiyata, akwai abu biyu a hannunku. Idan akwai sauran hanji a ƙasa da ba ya samun komai, ana iya tara abin da ya fito a jaka a mayar da shi ta ɗaya bakin, ya bi sauran hanyar. Aiki ne mai ƙazanta da cin lokaci, nas-nas ba sa son sa, amma yana mayar da gishirin maɗaciya inda ya dace, yana kuma rage buƙatar leda. Na biyu, kada a ja lokaci wajen sake haɗa hanjin idan yaro ya yi ƙwari. Daga ranar da aka haɗa na 'yata, komai ya fara sauƙi.

Sauran abubuwan zan bi ta kansu da sauri, kun fi ni saninsu. Maganin ursodiyol, mai taimaka wa gudun ruwan maɗaciya, ana bayarwa, bai da wata illa mai yawa in ban da gudawa, amma ta baki ake shan sa kuma a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotse shi, ga wanda aka yanke wa wurin kuwa kada a dogara da shi. Sinadarin manganis da ake sawa a leda ta maɗaciya yake fita, idan hanya ta cushe yakan taru har a ƙwaƙwalwa, a duba a rage. Sinadarin tagulla ma haka yake fita, amma cire shi gaba ɗaya da ka yana jawo ƙarancin jini, a auna tukuna. Yaron da ya yi ƙwari a riƙa ba hantarsa hutu na wasu sa'o'i a rana, ban da ƙaramin bakwaini da sukarinsa zai faɗi. Manya ma ba su tsira ba, sai dai su kitse ne ya fi taruwa musu a hanta kafin shawara. Wani bincike da aka yi a Faransa aka buga a 2000, a kan manya masu karɓar abincin jijiya a gida, ya nuna waɗanda ake ba man suya fiye da giram 1 a kilo kullum sun fi fuskantar mummunan ciwon hanta.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a ce abin ya fi ƙarfin nan. Tun 1980 likitan tiyata Adrian Bianchi ya fito da tiyatar tsaga hanjin da ya buɗe a mai da shi dogo, a 2003 kuma aka zo da wata a Boston da ake yi wa hanji yanka-yanka ta gefe da gefe ya miƙe. Akwai allurar teduglutid da ke sa bangon hanji ya yi kauri ya ƙara tsotsa, an amince da ita ga manya a 2012, a Amurka kuma ga yara daga shekara ɗaya a 2019. Akwai dashen hanji, ko na hanji da hanta tare, shi na haɗin a Kanada aka fara cin nasararsa a 1988. Ba kowane asibiti zai iya waɗannan ba, babu kuma wanda ya ce dole ya iya. Abin da ke wajibi shi ne sanin lokacin miƙa yaro gaba. Idan saifa ta fara girma, ƙwayoyin daskarar da jini suna raguwa, bakin hanjin da ke waje yana zubar da jini, an riga an makara da tunani. A ɗakinmu akwai wani yaro a gado na uku da aka yi ta cewa a ƙara masa mako guda a gani. Mahaifiyarsa ita ta koya mini yadda ake manna jaka ba ta yoyo. Ranar da aka rubuta musu takardar tafiya babban asibiti, cikinsa ya riga ya cika da ruwa. Ba su yi tafiyar ba.

Ku shugabannin asibitoci, na ce zan dawo kan mai haɗa magunguna. A watannin da na yi, likitan jarirai na zuwa da safe, na tiyata da rana, masaniyar abinci sau ɗaya a mako in an tuna da ita, mai haɗa ledar kuwa ban taɓa ganin fuskarsa ba, yana can wani gini yana cika abin da aka rubuto masa, bai san idon yarinyar ya yi kore ba. Kowa na aikinsa tsakani da Allah, amma babu mutum ɗaya da za a ce hantar yarinyar nan a wuyansa take. Asibitocin da suka rage mutuwar irin waɗannan yara sun yi haka ne ta hanyar zaunar da mutanen nan a tebur ɗaya, mako-mako, da takarda ɗaya mai nuna nauyi da bilirubin da yawan mai da sukari da abin da hanji ya karɓa. Wannan ba ya buƙatar sabon gini. Abin da ke buƙatar kuɗi shi ne man, na sani yana da tsada, amma ku lissafa shi kusa da kuɗin watannin da yaro zai ƙara a ɗakin kulawa ta musamman da ƙarin jini da magungunan cutar jini. In ba za a iya ajiye shi a kowane asibiti ba, asibitocin yanki ɗaya su haɗa kai su ajiye a wuri guda, a kuma gama takardun izini tun kafin a sami majinyaci, ba sai uwa na tsaye a bakin ofis ba.

Mu iyaye kuma ku sa mu a cikin aikin. Mu ne ba ma canjin aiki, mu ke ganin kowane ƙunzugu. Tun ranar da aka rataya leda ku gaya mana cewa tana iya taɓa hanta, ku nuna mana launin kashi da fitsarin da za mu kai ƙara a kansa, ku ba mu izinin tambayar duk wanda ya nufi bututun ko ya wanke hannu. Ba za mu firgita mu gudu ba. Rashin sani ne ya fi firgita mu.

'Yata ta rabu da leda tana da wata goma sha ɗaya. Yanzu shekararta huɗu, ƙarama ce a cikin sa'o'inta, bakinta kuwa ya fi na kowa. Duk wata shida muna komawa a duba hantar, don saifarta ta ɗan fi ƙima kuma hoton yana nuna tabo. Ranar da aka fitar da ita daga kwalba zuwa gado, na koma washegari ɗaukar wani zane da na manta. Na tarar an riga an sa wani jariri a ciki, an rataya masa ledoji biyu, mahaifiyarsa na zaune a kan kujerata.

Wassalam.

Taku,
Mahaifiyar wata yarinya da ta rayu wata goma sha ɗaya a kan abincin jijiya